Yadda Na Kori Maƙwabciyata da Kyauta a Tokyo

Summerfield,
arewa da Greensboro.
Ranar Laraba.

Zuwa ga 'yata Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da kyakkyawan fata, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya da natsuwar zuciya, Ya kiyaye ki a zaune da a tafe, Ya kare ki daga sharrin abin da kika sani da wanda ba ki sani ba. Amin.

Na san za ki yi mamakin samun wasiƙa daga mutumin da ɗakinsa ke ƙarƙashin naki. Hujjata mai sauƙi ce. Duk lokacin da na fara yi miki bayani da baki, kafin in kammala muƙaddima kin ce mini, "Okay, Baba, I get it," alhali ban kai ga komai ba tukuna. Takarda kuwa ba a katse ta.

Ga mas'alar da ke gabanmu. Ranar Lahadi muna cin abinci kika sanar da mu cewa an ɗauke ki aiki a wani ɗakin bincike a Tokyo, kuma suna jiran amsarki kafin Juma'a. Na ajiye cokali, na yi shiru, na fita lambu ina duba tumatirin da bai nemi a duba shi ba. Tun daga ranar ba ki sauko kin ci abinci tare da ni ba. Mamanki ta shaida mini kin ce ba za ki sa hannu ba sai kin ji amincewata, in kuwa ba ki ji ba za ki rubuta musu ki ba su haƙuri. Ta ƙara da nata: "Alhaji, kai da ko a wurin ta'aziyya sai an taɓa ka kake yin shiru, ka zo ka yi wa yarinya shiru? Ai dole ta tsorata."

Zan ba ki amsa. Amma ni injiniya ne, ba na ɗora rufi kafin in aza harsashi, saboda haka ki yi haƙuri ki bi ni a hankali.

Kin san na taɓa zama a birnin Tokyo, kafin in san mamanki, kafin in san akwai wani wuri a duniya mai suna Greensboro. Na gama digiri ke nan aka tura ni horo a kan harkar ruwan famfo. Abin da ba ki sani ba shi ne irin mutumin da ya sauka daga jirgin nan. Saurayi ne mai kwat ɗaya da ra'ayi dubu, wanda ya yi imani cewa babu wani al'amari a doron ƙasa da ba zai iya fayyace falsafarsa ba cikin zama ɗaya.

Kuskurena na farko na nazari ne. Na je da ƙa'ida a kaina cewa kowane birni yana da cibiya, kamar yadda na sani a Zariya: ga babbar kasuwa, ga masallacin Juma'a, sauran unguwanni kuma suna kewaye. Na tambayi abokin aikina, wani mutum mai sanyin hali mai suna Sato, ya nuna mini tsakiyar gari. Ya yi tunani har na fara jin kunya a madadinsa, sannan ya ce, "Wacce daga ciki?" Na ɗauka bai fahimci tambayar ba ne. Ranar Asabar na hau jirgin ƙasan da ke kewaya birnin kamar zobe, da niyyar in gano ta da kaina.

Na sauka a Shinjuku na ga gine-gine sun tokare sama, mutane suna kwarara daga ƙarƙashin ƙasa ba ƙaƙƙautawa, na ce to, ga cibiya. A tashar nan kaɗai na ɓata har ƙafafuna suka yi ciwo, domin kowace ƙofa tana fitar da kai wani gari dabam. Na koma jirgi na sauka a Shibuya, na tsaya a mararrabar da idan fitila ta ba da hannu jama'a ke tsallakowa daga kowace kusurwa lokaci guda ba tare da kafaɗa ta taɓa kafaɗa ba, na ce a'a, wannan ce cibiyar. Na isa Ueno na sake sauya fatawa. Da na gaji na duba taswira, sai na ga abin da ke tsakiyar zoben fadar sarkinsu ce, kuma babu abin da baƙo zai gani a can sai itatuwa da ruwa da shiru. Na koma masauki na yanke hukunci cewa birnin ba shi da tsari. Ni, wanda ya kwana biyu a cikinsa.

Sai da na daina neman cibiya na fara ganin gari. Akwai unguwar Jimbocho, inda shagunan tsofaffin littattafai suka jeru, ƙamshin takarda yana fitowa har bakin titi. Na yini a can ina shafa littattafan da ban iya karanta ko harafi ɗaya a cikinsu ba, kuma ban taɓa jin daɗin jahilci irin na ranar ba. Akwai Kappabashi, titi guda na tukwane da wuƙaƙe da abincin roba da ake jerawa a tagar gidajen abinci, wanda ya yi kama da na gaske har yawuna ya tsinke. A Ueno kuma, ƙarƙashin gadar jirgi, akwai kasuwar da masu busasshen kifi ke kiran ciniki da maƙogwaro a shaƙe, har na rufe ido na rantse a Sabon Gari nake. Nasihata a nan ita ce: kada ki yi wa wuri hukunci ta tagar jirgi, kada kuma ki bar wayarki ta riƙa ja miki gora kamar akuya. Ki sauka, ki taka, ki shiga lungun da babu wanda ya ce ki shiga. Kin tashi a inda ko burodi sai an tayar da mota ake sayowa. Ƙafarki tana da ilimin da ba ta taɓa samun damar nunawa ba.

Kuskure na biyu gajere ne, amma har yau idan na tuna sai in ji zafi a kunnuwana. Na koyi gaisuwar safiya da harshensu, kuma tarbiyyar gidanmu ba ta yarda mutum ya shiga cikin jama'a bai yi sallama ba. Na shiga jirgi da safe, cike maƙil da ma'aikata, na ɗaga murya na gaishe da taragon gaba ɗaya. Babu wanda ya amsa. Wani dattijo ya buɗe ido ɗaya ya mayar ya rufe. Na ce a raina, waɗannan mutane ne masu girman kai. Daga baya na gane cewa shirun nan shi ne ladabinsu a wurin. Kowa yana ba ɗan'uwansa hutun da cunkoso ya hana shi. Mutanen nan dai su ne idan sun koma lungunsu suke gaishe ka har da rusunawa. Idan kin ga abin da ya saɓa wa tarbiyyarki, ki jinkirta fassara shi. Sau da yawa ladabi ne ya sa wata rigar.

Yanzu ga babban al'amarin, wanda saboda shi na ɗauki alƙalami.

An ba ni ɗaki a Yanaka, tsohuwar unguwa mai gidajen katako da lunguna matsattsu. Kowace ƙofa da tukwanen furanninta, kowace katanga da kyanwarta, ga babbar maƙabarta mai itatuwa inda tsofaffi ke yawon shan iska. Bayan hayaniyar Shinjuku sai ka ɗauka ka bar birnin, alhali kana cikinsa tsundum. Ƙofar da ke kallon tawa ta wata tsohuwa ce, Madam Morita, wadda mijinta ya rasu, take zaune ita kaɗai. Ba ta jin Turanci, ni kuma abin da na sani na harshenta bai wuce gaisuwa da godiya ba.

Na zo da tsaraba daga gida, sai na ɗebi dabino na kai mata, kamar yadda baƙo mai hankali zai yi. Ta karɓa da hannu biyu tana ta rusunawa. Washegari ta ƙwanƙwasa mini da ƙaramin kwando na lemo, an naɗe shi da ƙyalle mai kyau. Na ji daɗi ƙwarai. To, kakarki, wadda kika ci sunanta, ta hore mu cewa ba a mayar wa maƙwabci kwanonsa wayam. Na soya gyaɗa na cika kwandon na mayar. Bayan kwana kaɗan ta zo da akwatin biskit ɗin shinkafa. Na dafa shinkafa da wake, na yi mai da yaji, na kai mata a babbar tasa. Tasar ta dawo a wanke tas, da ganyen shayi a cikinta.

A nan ne girman kan ƙuruciya ya shigo. Na daina ganin maƙwabciya, na fara ganin gasa. Na ce a raina, ni ne wakilin Hausawa kaɗai a wannan unguwa, kuma ba za a rubuta a tarihi cewa wata tsohuwa ta fi mu karamci ba. Na ɗauko jakar fata mai ado da na sayo domin shugaban wurin horonmu na kai mata. Ta kawo mini lema sabuwa. Na buɗe akwati na fito da mayafin saƙi da kakarki ta ba ni saboda sanyi, abu mafi daraja da na mallaka a ƙasar, na miƙa mata ina murmushin wanda ya gama magana. Na lura fuskarta ta canza, amma na fassara shi da cewa murna ce ta yi mata yawa.

Mako bai cika ba ta zo da wani akwatin katako, ta ajiye a hannuna, ta rusuna, ta juya da sauri. A ciki akwai butar shayi ta ƙarfe, baƙa, mai nauyi. Ita ce wadda kike gani a kabad ɗin falo, wadda kuka sha tambaya me ya sa ba a dafa komai a cikinta.

Daga ranar Madam Morita ta fara guduna. Da safe idan na buɗe ƙofa sai in ji tata ta rufe. Ta sauya lokacin fitar da shara. Wata rana na hango ta tana tahowa daga wurin mai awara, tana ganina ta shige wani lungun da na tabbata ba hanyar gidanta ba ne. Abin ya dame ni, na kai ƙara wurin Sato a lokacin cin abincin rana, na zayyana masa komai dalla-dalla, na rufe da cewa, "Ka ga irin butulcin da ake yi wa mai alheri?"

Sato ya ajiye tsinken cin abincinsa. Ya ce, "Bashir, me ta ba ka na ƙarshe?"

Na ce, "Wata tsohuwar buta."

Ya ce, "Tsohuwa ƙwarai?"

Na ce, "Har hannunta ya goge."

Ya ce, "Ina jin ta mijinta ce. A wurinmu, idan aka ba ka kyauta kana mayar da wani abu da bai kai ta ba, sai magana ta ƙare a nan, kowa ya huta. Kai kuwa duk lokacin da ta rufe maganar sai ka buɗe ta da abin da ya fi. Matar nan ta ƙarar da abin da za ta iya sayowa, ta shiga kayan ɗakinta. Ba gudunka take yi ba. Gudun abin da ke hannunka take yi."

Na ce, "To, bari in mayar mata da butar yau ɗin nan."

Ya ce, "Kada ka kuskura. Wannan mari ne."

"To, me zan kai mata?"

"Babu."

"Babu kamar yaya? Ko ɗan dabino?"

Ya yi dariya har ya dafe goshi. "Ko ƙwallon dabino. Ka gode mata. Idan kun sake haɗuwa ka sake gode mata. Ka bar ta ta zama ta ƙarshe."

Ummi, na zauna jarrabawa iri-iri a rayuwata, amma ban taɓa haɗuwa da mai wuyar wannan ba. Hannuna har ƙaiƙayi yake yi. Kullum na ga butar nan sai in ji kamar kakarki tana kallona daga Zariya. Duk da haka na daure. Na tsaya a bakin ƙofata da safe, hannuwana biyu a buɗe a gabana yadda za ta ga babu komai a cikinsu, har ta leƙo. Na rusuna na yi godiya. Ta dubi hannuwan nan da kyau, ta dubi bayana ko na ɓoye wani abu, sannan ta yi wata ajiyar zuciya da ban manta ba, ta yi dariya tana rufe baki.

Ranar Lahadin da ta biyo baya ta ƙwanƙwasa mini, ba da kwando ba, da tsintsiya. Ashe mutanen lungun suna haɗuwa su share titinsu. Na bi ta. A wurin sharar nan na san mai awara da matarsa, na san mai gidan wanka na unguwa, na san tsohon da ke gyaran keke, wanda ya yi ta taɓa hulata yana jinjina ɗinkin. Bayan an gama Madam Morita ta zagaya da ni, tana nuna abu tana faɗin sunansa, ina maimaitawa ba daidai ba, tana gyara mini. Ta kai ni maƙabarta ta nuna mini inda mijinta yake, ta nuna itatuwan da ke hanyar, ta yi mini alama da hannu cewa in jira, za su yi fure. Da suka yi kuwa, duk hanyar ta koma fari da ruwan hoda, na tsaya a ƙarƙashinsu na yi tasbihi. Duk yawon da na yi a manyan unguwanni kallo ne kawai. Yanaka ce kaɗai na sani, kuma ban san ta ba sai da na je mata hannu wayam.

Saboda haka, idan kin kama ɗaki, ki gaishe da maƙwabtanki da ɗan abu kaɗan, wanda ba zai yi wa kowa nauyi ba. In sun mayar, ki karɓa da hannu biyu ki tsaya a nan. Ki fita shara idan ana yi. Ki koyi ranakun fitar da shara kafin ki koyi sunayen manyan kantuna, domin da wannan ake auna baƙo. Maganar abinci da salla kuma kada ta tayar miki da hankali. Malam Isufu na Nijar ya tare ni bayan sallar la'asar jiya, domin mamanki ta gaya wa matarsa, yana cewa, "Alhaji, Japon fa! Me yarinya za ta ci a can?" Na ce masa ni na ci, kuma ga ni har da tumbi. A unguwar Shin-Okubo akwai shagunan Musulmi masu naman halal da kayan yaji, akwai kuma masallatai a birnin. Sai dai kada ki yi abin da na ga wasu suna yi, su mayar da wurin maɓoya, su yini suna kukan baƙunci da waɗanda suka zo jiya. Ki sayi namanki, ki yi sallarki, ki koma unguwarki.

Yanzu na zo kan rufin.

Shirun da na yi ranar Lahadi ba na ƙi ba ne. Daɗi ne da tsoro suka zo mini lokaci guda suka toshe ƙofa, kuma a karon farko a rayuwata na nemi kalma na rasa. Amma da na ga kwanakin nan kina jiran in fita kafin ki sauko kicin, kina jin motsina a matakala kina rufe ƙofa, sai na gane wannan tafiyar. Na taɓa ganin mace tana guduna haka.

Tun kina ƙarama nake tula miki. Makaranta, mota, duk abin da kika kalla sau biyu a shagunan Elm Street. Kina cewa "Baba, it's too much," ina cewa babu wani abu mai yawa tsakanin uba da 'yarsa. Ban yi nadamar ko ɗaya ba. Sai dai ban lura ba cewa ke ma jikar kakarki ce, ba ki iya mayar da kwano wayam ba. Kin duba ba ki ga abin da za ki saka a ciki ba, shi ne kike shirin ɗauko aikin da kika yi shekaru kina nema ki miƙo mini, ki zauna a Greensboro domin kada in ji kewa. Wannan ita ce butarki, kuma ba zan karɓa ba. Ta Madam Morita na riƙe domin mayarwa cin fuska ne. Taki kuwa ba ta iso hannuna ba tukuna, ina da damar in ce ki bar ta a wurinki.

Na amince. Ki sa hannu, ki aika musu tun kafin Juma'ar. Ban gindaya sharaɗi ba, ba na kuma jiran ramuwa. Abin da na yi miki na yi ne domin na ji daɗin yinsa, kuma an riga an biya ni tun ranar da aka miƙo mini ke a asibiti. Zan ji kewarki, wannan babu makawa, amma kewa ce irin wadda mutum ke godiya da samunta. Na kuma yi wa mamanki alkawarin ba zan cika miki akwati ba. Ta ce za ta gani.

Allah Ya yi miki albarka. Ya kai ki lafiya, Ya saukar da ke a cikin mutanen kirki, Ya haɗa ki da maƙwabta masu haƙuri da baƙo kamar yadda Ya haɗa ni. Ya tsare miki addininki da mutuncinki da lafiyarki, a jirgin sama da na ƙasa, a cikin taro da a kaɗaici. Ya sa ilimin da za ki samo ya amfane ki ya amfani jama'a, Ya dawo mana da ke cikin aminci a lokacin da ya fi alheri. Amin summa amin.

Idan kin gama karantawa ki sauko. Mamanki ta yi tuwon shinkafa, kuma ta ce gwiwarta ta gaji da kai miki abinci sama.

Wassalam.

Mahaifinki mai ƙaunarki,
Injiniya Bashir